Wai da gaske hedifon ne ya mayar da Dr. Dre attajiri? Ƙanena ya hana ni sakat

Sani Mai Caja:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suka san harkar mawaƙan Amurka ku taimaka min da bayani, yaron nan wallahi ya hana ni sakat. Ƙanena ne ciki ɗaya, ni nake biya masa kuɗin makaranta, yana shekara ta biyu, kawai jiya bayan isha'i ya zo min da sabuwa wai in ba shi jari zai buɗe situdiyo, kwamfuta da sifiku biyu da wani ɗan fiyano da ake jonawa. Na ce to karatun fa? Sai ya ce ai Dr. Dre bai yi jami'a ba amma hedifon kawai ya sayar wa kamfanin Apple ya zama biloniya. Ni kuwa shekarata 11 ina sayar da hedifon da caja a kasuwar waya, ko mashin ɗina ban canza ba. Shin maganar nan gaskiya ce ko yaron nan raina min hankali yake?

KB Situdiyo:
Hahaha oga Sani ai kai ma Dr. Dre ne, kamfanin Apple ne dai bai gano shagonka ba tukuna

Sani Mai Caja:
KB bana son wasa, kuɗi ake magana

Jamilu Akanta:
Wa'alaikumus salam. Rabin maganar gaskiya ce. A watan Mayu na 2014 Apple ta sanar da sayen Beats, kamfanin hedifon ɗin nasa, a kan dala biliyan 3, kuma a lokacin ba ta taɓa sayen wani kamfani da tsada haka ba. Amma kamfanin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai abokinsa Jimmy Iovine, shugaban kamfanin waƙa na Interscope a lokacin, akwai kuma wasu masu hannun jari. Mujallar Forbes ta ƙiyasta abin da ya shigo masa a shekarar dala miliyan 620 kafin a cire haraji, kuma ta ce duk da haka a lokacin bai kai biliyan ba. Wanda Forbes ta fara kira biloniya a cikin masu waƙar gambara Jay-Z ne, a 2019. Ka gaya wa ƙanen naka ya gyara lissafi.

Sani Mai Caja:
Miliyan 620 ɗin ma ai ba wasa ba Malam Jamilu. Kada ka bari yaron nan ya ga wannan lambar.

Malam Habu Zariya:
Sani bari in ba ka labarin tun daga tushe, don mu muka yi zamanin, waɗannan yaran a hedifon suka san shi. Ni a kaset na san shi, wajen 1993 wani abokina ɗan Sabon Gari ya kwafo min, irin kaset ɗin nan da idan rediyo ta cinye zaren sai ka sa biro ka naɗe, kuma ba na iya sawa a gida sai na tabbatar Baba ya tafi masallaci don zagin da ke ciki ko wanda bai jin Turanci ya san ba addu'a ake ba.

Sunansa na yanka Andre Young, an haife shi 1965 a Compton, wani gari a gefen Los Angeles. Lokacin da aka haife shi uwarsa yarinya ce ƙarama. Gaskiya ne karatu bai karɓe shi ba, har ya nemi shiga koyon aiki a kamfanin ƙera jirage na Northrop sakamakonsa ya hana. Amma abin da ƙanenka bai faɗa maka ba shine mutumin nan da DJ ya fara a wani kulob, yana juya faifai dare da dare, daga nan ya shiga wata ƙungiya World Class Wreckin' Cru wajen 1985, masu sa kaya masu ƙyalli kamar 'yan rawar biki, hotunan da daga baya abokan faɗansa suka riƙa yi masa gori da su. Sannan aka yi ƙungiyar N.W.A shi da Eazy-E da Ice Cube da MC Ren da DJ Yella, su ne suka yi waƙar zagin 'yan sanda da har hukumar FBI ta rubuta wa kamfaninsu wasiƙa a 1989. Duk kiɗan nan da duniya ta ji hannunsa ne, amma kamfanin na Eazy-E ne da manajansa Jerry Heller, shi Dre ɗan aiki ne. Ice Cube ya fara ficewa a kan maganar kuɗi, shi ma ya bi baya a 1991.

Hedifon ɗin farko kuwa sai 2008 ya fito. Ka lissafa daga 1985, shekara 23 kenan yana cikin ɗakin kiɗa kafin sunansa ya kai a manna a jikin kaya a saya. Ƙanenka shekararsa nawa a duniya gaba ɗaya?

Sani Mai Caja:
21 Malam

Malam Habu Zariya:
To ka gani.

KB Situdiyo:
Malam Habu da girmanka amma ban yarda a yi amfani da wannan a kashe wa yaro gwiwa ba. Shi ma Dre ɗin ai yana da shekara 20 ya fara, da yayansa ya hana shi da yanzu wa ya san shi? Kuma ni abin da yake min ciwo a duk hirar nan kowa kuɗin Apple yake gani, babu mai maganar aikin. Ku je ku saurari kundinsa The Chronic na ƙarshen 1992 da kunnen mai sana'a. Kafin shi yawancin masu haɗa kiɗan gambara yanko wani yanki suke daga tsohon faifai su riƙa maimaita shi, da ƙurarsa da komai. Shi kuma sai ya ɗauko salon su George Clinton na shekarun 1970, ya kira masu jita da masu fiyano su sake bugawa a gabansa, ya rage gudun kiɗan, ya sa bas mai nauyi a ƙasa, a sama kuma wata 'yar siririyar murya kamar sarewa. Shine abin da ake ce wa G-funk. Har yau idan na sayi sabuwar sifika da kundinsa na 1999 nake gwada ta, don gangar ciki idan ta daka a ƙirji kake jin ta kuma ba ta danne muryar mawaƙi, kowane abu yana zaune a mazauninsa. Wallahi na kwana uku ina ƙoƙarin fitar da irin wannan tsabtar a ɗakina, katifa na jingina a bango don ta shanye amo, ƙarshe NEPA ce ta raba mu.

Abu Sumayya:
Duk wannan yabon a kan kiɗa ne fa jama'a. Allah ya shirye mu.

KB Situdiyo:
Amin ya Ustaz, har da masu karanta mu a ɓoye

Bash Legas:
KB tunda kai mai sana'a ne ka faɗi gaskiya mana. Mutumin nan ba ya rubuta waƙarsa. The D.O.C. ya rubuta masa da yawa a farko, Jay-Z ne ya rubuta masa Still D.R.E. gaba ɗayanta, fiyanon da kowa ya haddace a waƙar kuma Scott Storch ne ya buga, bas ɗin wasu waƙoƙin Mike Elizondo. To shi me ya yi? Ni a ganina ɗan kwangila ne kawai, ya tara leburori su yi gini a rubuta sunansa a allo.

KB Situdiyo:
Bash ka taɓa shiga situdiyo kuwa? Ba gatse nake ba tambaya ce. Mai fiyano zai buga maka abu hamsin a zama ɗaya, 49 shara ne, wanda ya ce tsaya, wancan na bayan nan, maimaita shi, cire wannan, shine furodusa. Kuma sunan Storch yana cikin waɗanda aka rubuta a waƙar ai, ba ɓoye shi aka yi ba. Mawaƙan da suka yi aiki da shi da yawa sun faɗa da bakinsu cewa yana iya sa ka maimaita layi ɗaya har ka ji kamar ka yi kuka. Ɗan kwangila ba ya haka, shi dai a gama a biya shi.

Bash Legas:
Na ji, amma yabon da ake masa ya fi aikinsa. Kundi uku kacal ya fitar na kansa a shekara sama da 20, 1992 da 1999 da 2015. Wani kundin ma Detox ya fi shekara goma yana cewa gobe jibi har ya haƙura bai fito ba.

Malam Habu Zariya:
Bash ba a auna shi da kundin kansa, da mutanen da ya fito da su ake auna shi. Snoop Dogg yaro ne siriri ba wanda ya san shi sai da Dre ya sa shi a waƙa a 1992, shekara ta zagayo ya haɗa masa kundinsa na farko. Eminem fa, Bature daga Detroit, ya zo na biyu a wata gasar gambara a Los Angeles a 1997, kaset ɗinsa ya faɗa hannun Jimmy Iovine, shi ya kunna wa Dre. A lokacin Dre yana cikin wani hali don ya bar kamfanin waƙa na Death Row ya kafa nasa mai suna Aftermath a 1996 kuma abubuwan farko da ya fitar ba su yi armashi ba, mutane har sun fara cewa ya ƙare, kuma na kusa da shi ba su so ya ɗauki farar fata ba. Ya ɗauka. Bayan nan sai 50 Cent, Dre da Eminem suka ɗauke shi tare, kundinsa na 2003 babu mai kaset a ƙasar nan da bai sayar da shi ba, har masu wankin mota suna ce wa kansu Fifti. Sai The Game, sai Kendrick Lamar a 2012, shi ma ɗan Compton. Mutum ɗaya ya yi sa'a sau ɗaya a ce sa'a ce, sau biyar fa?

Amma ni ba ma wannan ne ya fi tsaya min a rai ba, fitarsa daga Death Row ce. Shi da Suge Knight suka kafa kamfanin, yana da kaso a ciki, kamfanin yana kan ganiyarsa ga Snoop ga Tupac, kuɗi kamar ruwa, amma ofis ya koma wajen 'yan daba da duka da bindiga. Ya tattara ya fita ya bar musu kasonsa da faifan da ya sha wahala a kai. Watanni kaɗan bayan haka aka harbe Tupac a Las Vegas, Satumba 1996. Shi Suge Knight yanzu haka yana gidan yari, shekara 28 aka yanke masa a 2018 bayan ya take mutum da mota. Sau biyu kenan Dre yana barin gidan da ya gina da hannunsa, na farko don ba a biyansa daidai, na biyu don ya tsira da ransa. A na uku ne ya tabbatar sunansa ne a takarda.

Jamilu Akanta:
Wannan ita ce maganar. Kuma a Beats ma haka aka yi, sai dai a nan shi ne a ɓangaren masu wayo. Shi da Iovine ba su san yadda ake ƙera hedifon ba, wani kamfani ne mai suna Monster, masu yin wayoyin sauti, ya yi aikin injiniyancin ya kuma ƙera. Amma a kwantiragi suna da tambari na Beats ne. A 2011 kamfanin waya na HTC ya sayi kashi 50 da ɗan ɗori a kan dala miliyan 300 da wani abu, a 2012 aka rabu da Monster, daga baya su Dre suka sake saye kason HTC, sannan Apple ta zo. Mai Monster ya kai ƙara a 2015 yana cewa an yi masa wayo, kotu ba ta ba shi gaskiya ba. Wanda ya yi ƙira ya tashi da kuɗin ƙira, masu suna suka tashi da biliyan 3.

Kuma Apple ba robar kunne kaɗai ta saya ba. Beats suna da manhajar sauraron waƙa ta intanet da suka buɗe a farkon 2014, ita aka gina Apple Music a kanta a 2015, ga kuma shi Iovine da ya san kowane babban mawaƙi da lambar wayarsa.

Sani Mai Caja:
Kai jama'a. Ni fa na sayar da Beats ɗin nan kamar me wajen 2012 zuwa 2014, na China, jar waya da harafin b a gefe, kwali mai kyau har da maganaɗisu a murfi. Yara 'yan makaranta ba sa ma jona shi da komai, a wuya suke ratayawa su hau mashin. Wata rana wani ya dawo min da nasa kunne ɗaya ya mutu, na kwance shi a gabansa, wallahi sifikar ciki ba ta fi kwabo ba, sai wani guntun ƙarfe da aka manna da gam don ya yi nauyi a hannu. Muka kalli juna ni da shi muka fashe da dariya, na ba shi wani. Ashe na gasken dala 350 ne, ni ina bayarwa 2,500 har a yi min ciniki.

Bash Legas:
To ai kai ma ka ci arzikin Dre kenan, ka fitar masa da zakka

KB Situdiyo:
Na gasken ma mu masu aiki ba ma yin miksin, wato daidaita sautin waƙa, da shi, bas ya yi masa yawa, zai yi maka ƙarya ka fito da waƙa ka sa a mota ka ji wani abu daban. Kayan ado ne. Dabararsu talla ce, kowane bidiyon mawaƙan Interscope sai ka ga an rataya shi tunda a lokacin Iovine ne shugaban kamfanin, LeBron James ya raba wa 'yan ƙwallon kwandon Amurka suka sauka da shi a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, a kofin duniya na 2014 har FIFA ta hana 'yan wasa sa shi a fili don Sony ce mai ɗaukar nauyi, hanin ma ya zama wata tallar. Asalin shawarar ma ta Iovine ce, Dre ya ce masa lauyansa na so ya yi tallar takalmi, shi kuma ya ce wane takalmi, kai da aka sani da sauti, sifika za mu sayar.

Maman Ilham:
Sallama. Tun ɗazu nake karantawa ina jira in ga ko cikin maza akwai wanda zai faɗa, shiru. An yi maganar bas, an yi maganar biliyan, har guntun ƙarfen cikin hedifon an tuna, amma ba wanda ya tuna Dee Barnes. Mai gabatar da shirin waƙoƙi ce a talabijin, a watan Janairu 1991 ya same ta a wajen wani biki a gaban mutane ya yi mata dukan tsiya saboda bai ji daɗin yadda aka haɗa wata hira a shirinta ba. Kotu ta ci shi tarar dala 2,500 da aikin al'umma na awa 240, ƙarar diyya kuma aka sasanta a waje. Michel'le, mawaƙiyar da ta haifa masa ɗa, ita ma ta fito ta faɗi irin dukan da ta sha. Da aka yi fim ɗin tarihin N.W.A a 2015, yana cikin masu shirya shi, ko alamar wannan ba a nuna ba. Sai da surutu ya yi yawa sannan ya fitar da takardar ba da haƙuri ga matan da ya cutar, shekara 24 bayan abin, kuma lokacin yana ma'aikacin Apple. Yaya Sani idan za ka ba ƙanenka labarin mutumin nan ka haɗa masa da wannan.

Bash Legas:
Hajiya abin ya wuce shekara 30 fa, kuma ya nemi afuwa. Mutum ba ya canzawa ne?

Maman Ilham:
Yana canzawa Malam Bash, ban ce ba ya canzawa ba. Amma ita matar ta ce tun daga lokacin ƙofofin aiki suka rufe mata kuma ciwon kai bai bar ta ba, har ta kai a 2019 tana neman taimakon kuɗin haya a intanet. Shi kuma a 2023 masu Grammy suka ƙirƙiro lambar yabo sukutum suka sa mata sunansa. Da ƙanwarka ce za ka ce ya wuce?

Malam Habu Zariya:
Maman Ilham ta fi mu gaskiya, kuma ni da na kawo tarihi tun daga 1965 na tsallake wannan, laifina ne. Na sani sarai, ban kawo ba.

Bash Legas:
Shikenan na janye

Abu Sumayya:
Ku ƙara da cewa yanzu giya yake sayarwa shi da Snoop, tun 2024. Wannan shine gwanin da ake so yaro ya kwaikwaya.

Jamilu Akanta:
Wannan gaskiya ne Ustaz. A ɗaya gefen kuma shi da Iovine sun ba jami'ar Kudancin Kalifoniya dala miliyan 70 a 2013 aka buɗe makaranta da sunansu, ya kuma ba da miliyan 10 don gina zauren wasanni a makarantar sakandaren Compton. Wanda ake kafa hujja da shi a bar karatu, kuɗinsa makaranta ya kai. Sani wannan ma ka nuna wa yaron.

Zee 'Yar Indiya:
Ni ban san komai a gambara ba amma akwai inda labarin nan ya taɓo ɓangarena lol. A 2002 kamfaninsa ya fitar da waƙar wata mawaƙiya Truth Hurts, DJ Quik ne ya haɗa kiɗan, ya ji wata tsohuwar waƙar Lata Mangeshkar a talabijin ya naɗe ya ɗora a kai ba tare da ya tambayi kowa ba. Bappi Lahiri mai sarƙoƙin gwal ɗin nan shi ya yi asalin kiɗan, ya kai su kotu a Amurka alƙali ya ce a dakatar da sayarwa sai an sa sunansa, kamfanin Saregama kuma ya nemi dala miliyan 500. Ranar da na fara jin waƙar a gidan yayata na ce wannan ai muryar Lata ce, mijinta ya ce wai ni komai Indiya, ashe ni ce da gaskiya.

KB Situdiyo:
Anti Zee a yi a hankali da wannan maganar, idan Indiyawa suka waiwayo mu nan garin ba situdiyon da zai kwana a buɗe

Zee 'Yar Indiya:
Hahaha ai kun san kanku

Ɗan Baiwa:
Ni tambayata fim. An ce ɗan fim ne kuma, ni ban taɓa ganinsa ba

Bash Legas:
Ka gan shi ba ka gane ba ne. Idan ka kalli Training Day na 2001, wanda Denzel Washington ya ci Oscar da shi, yana cikin gurɓatattun 'yan sandan da ke bayan Denzel, fuska a murtuke. A Set It Off na 1996 shine mai sayar wa matan nan bindigogi. Sai wani na barkwanci shi da Snoop a wajen wankin mota, The Wash, wanda ni dai ban iya ƙarasa shi ba. Gaskiya a fim ɗan rakiya ne, ko kusa da Ice Cube bai kai ba. Kuɗin fim da ya ci na gaske a bayan kyamara ne, fim ɗin N.W.A ya haura dala miliyan 200.

KB Situdiyo:
A nan kam ba zan kare shi ba, tsayuwarsa a fim kamar an ce masa kar ka motsa za a ɗau hoton fasfo.

Amma oga Sani bari in dawo kan ƙanenka don ni abin ya shafa. Shekarata 9 a sana'ar nan. Akwai wani mawaƙi, ba zan kama suna ba, ya zo min ba shi da ko kuɗin mota, na haɗa masa kiɗa tun daga ganga har sarewa, na gyara masa amshi don nasa bai zauna ba, muka kwana biyu da janareto man ma ni na saya, ya ba ni dubu biyar ya ce sauran sai Allah ya kawo. Waƙar ta tashi, babu gidan bikin da ba a sa ta ba a shekarar, ya sayi mota da ita. Sunana ko a ƙarshen bidiyo bai sa ba. Na je biki na ji DJ ya sa ta mata suna ta liƙi, ni ina tsaye a bayan kanofi da ledar shinkafa a hannu. Ba takarda tsakaninmu, wa zan kai ƙara, in ce me? To irin wannan ce ta sa Dre ya bar kamfanin farko, bambancin shi ya samu wanda ya san takarda ya tsaya masa. Ni ban hana yaro ba, sana'a ce mai daɗi kuma ana ci da ita, jingle na 'yan siyasa kaɗai lokacin zaɓe ya isa ya riƙe ka wata shida. Amma kada ya bar makaranta, kuma kafin ka sayi ko waya ɗaya ka turo min shi ya zauna wata uku yana naɗe kebul yana share ɗaki yana kallo. Idan ya jure zaman awa takwas a kan waƙa ɗaya ba tare da ya ɗauko waya yana hoto ba, to da gaske yake.

Jamilu Akanta:
Kuma idan za ka sa kuɗi Sani ka sa a matsayin mai kaso, a rubuta, ko ƙanenka ne. Kai ne Iovine ɗinsa.

Sani Mai Caja:
Iovine da mashin ɗin da sai an tura

Maman Ilham:
Yaya Sani Hajiyarku ta san da maganar kuwa? Don duk shawarar da za a yanke a nan idan ta ce a'a ta rushe.

Sani Mai Caja:
Ai nan gizo ke saƙar Maman Ilham. Ita ya fara samu, ya ce mata injiniyan sauti zai zama, ita kuma da ta ji injiniya sai ta ce Allah ya sa albarka. Ni aka bari da bayanin cewa kiɗa ne.

Malam Habu Zariya:
Yaron nan zai yi kasuwa, ya iya sa wa kaya suna.

Bash Legas:
Wai ni har yanzu Dre ɗin yana aiki ne ko ya kwanta cin kuɗi? Na ji an ce ya yi ciwo

Malam Habu Zariya:
Janairu 2021 jijiyar jini ta kumbura masa a ƙwaƙwalwa aka kwantar da shi a asibiti a Los Angeles, daga baya shi da kansa ya ce sau uku ya samu bugun jini a kwanciyar. A ƙarshen shekarar aka kammala rabuwarsa da matarsa, dala miliyan 100 ya ba ta. Amma Fabrairu 2022 ya tsaya a wasan hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, shi da Snoop da Eminem da Mary J. Blige da Kendrick da 50 Cent, ya zauna ya ɗan taɓa fiyano a gaban duniya, kuma ƙarshen 2024 ya sake haɗa wa Snoop kundi guda. Ɗana ne ya nuna min wasan a waya, yana min bayanin su waye, na bar shi ya gama sannan na ce masa tun ba a haife ka ba nake naɗe kaset ɗin mutumin nan da biro.

Sani Mai Caja:
Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. KB zan turo maka shi ranar Asabar bayan azahar, ka ba shi tsintsiya tun daga bakin ƙofa. Sifiku kuma ba zan saya ba sai ya kawo min sakamakon zangon nan na gani da idona, ba hoto a waya ba.

KB Situdiyo:
Ya zo da man janareto lita biyu. Kuma oga Sani cajar da ka ba ni ranar Talata ta daina yi

Sani Mai Caja:
Kawo ta shago, kada ka ɓata min suna a gurup